Ɗoki Da Fargaba A Bakin Baturke



Tunda yaranmu na tafiya karatu Turkiyya, 'yan kasuwarmu kuma na saro kaya a Santambul, ga wata kalma mu riƙe: heyecan, ana furta ta "heyejan", asalinta Larabci. Mu mun raba ɗoki da fargaba, su kuwa ƙwarya ɗaya suka zuba su. Amarya ta ce heyecanlıyım, mai shiga jarrabawa ma haka zai ce. To, in likita ya ce mana heyecanlanmayın, ba murna ya hana ba, ku kwantar da hankali yake nufi. In damuwa ce zalla, mu ce endişeliyim, kada hankalinmu na tashe a yi ta yi mana barka.