Tumatirin Da Ke Cikin Kwandonki Yana Numfashi

Kakar tumatir ta zo, maigida ya shigo da kwando guda daga Hunkuyi ko kasuwar Ikara don ya yi araha. Kwana uku ki leƙa, rabi ya narke. Sai a ce sakacinki ne, alhali ba haka abin yake ba.

Tumatir ko an tsinke shi yana nan da ransa, yana numfashi. In ya fara nuna sai ya riƙa fitar da wata iska da ido ba ya gani, masana suna ce mata etilin. Ita ke tada na kusa da shi su ma su kama nuna, kuma wanda ya fashe ko ya bugu a mota ya fi kowa fitar da ita. Shi ya sa ɗaya kan ja sauran. Haka ayaba take, da mangwaro da gwanda. Lemo da kankana ba ruwansu, in an tsinke su ɗanye, zaƙinsu ba ya ƙaruwa.

Umurnin nunar ma a cikin ƙwayoyin gadonsa yake. A 2002 masu bincike a Amurka suka gano wata ƙwaya da ake kira RIN. In ta samu tangarɗa, sai tumatir ya tsaya da tauri, ya ƙi yin ja. Da ita ake haɗa wasu irin da ke jure doguwar tafiya, amma ni dai ban ga suna kamo ɗanɗanon namu na fadama ba.

To da kwandon ya shigo, ki zazzage shi a tabarma. Fasassu a miyar yau. Jajaye ki yanka ki shanya kauɗa. Ɗanyu ki jera a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ayaba. Kada ki kai su rana wai don su nuna, zafi in ya wuce awo 30 jan ba ya fitowa, sai ruwan ɗorawa. In kuwa sauri kike yi, sa nunanniyar ayaba ɗaya a cikinsu ki rufe da kwali.

Yaro in zai sayo miki ayaba a Maƙarfi, ki ja kunnensa. Wadda bayanta ya yi rawaya shar, cikinta da tauri babu zaƙi, wataƙila da sinadarin kabayid na masu walda aka nuka ta, kuma NAFDAC ta hana wannan.