Sojan Da Ya Ajiye Kaki Da Neman Ƙarin Ilmi: Jawabin Da Aka Yi A Suleja



Da aka gama yaƙin basasa a 1970, sojojin Nijeriya sun kai kimanin 250,000. Da aka rage yawansu, mutane da dama sun koma gida da gwanintar tuƙi, da kanikanci, da aikin waya, da jinya, amma ba su riƙe da takardar da ma'aikata ko makaranta za ta karɓa. Abin da muke so mu kauce masa ke nan.

A Amurka, tun bayan dokar 1944 wadda ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, ana auna horon bariki a lasafta shi cikin darussan jami'a. A nan ƙasar hanyar dabam ce, kuma lalle ne kowa ya fahimce ta. Yawan shekarun aiki kaɗai ba ya shigar da mutum jami'a. Takardar shaida ita ce ke shigar da shi.

Wasu makarantun soja, kamar ta fasahar mayaƙan sama da ke Kaduna, suna ba da difloma wadda Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, da aka kafa a 1977, ta amince da ita. Mai irin wannan difloma, in sakamakonsa ya yi kyau, yana iya neman shiga jami'a ta hannun hukumar JAMB, a sa shi aji biyu kai tsaye. Watau ya tsallake shekara guda, da kuɗinta da wahalarta. Sai dai dole ya haɗa da takardar sakandare mai darussa biyar da aka ci sosai, har da Turanci. Nan ne da yawa suke tuntuɓe, don sun ɗauka igiyar da ke kafaɗa ta wadatar.

Wanda kuwa sana'ar hannu ya koya, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, ana fara wa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai kuma cibiyar Oshodi a Ikko, inda ake koya wa sojojin da ke dab da ritaya sana'o'i.

Mutanen Suleja ba baƙi ba ne ga wannan magana. A garin nan Ladi Kwali ta yi ginin tukwanenta, ba ta zauna a aji ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma irin wannan karramawa sai ɗaya cikin dubu. Saura sai sun nemi takarda.

Saboda haka, kai da ke barikin Zuma yanzu, duk kwas ɗin da ka yi, ka karɓi shaidarsa tun kana cikin kaki, ka duba ko sunanka ya yi daidai da na takardar sakandare. Gyaran harafi guda bayan an sallame ka yana iya cin watanni.