KAYAN DA YAƘIN BASASA YA BARI A GIDAJENMU: JAWABI GA MUTANEN ADAMAWA MAZAUNA KUDU

'Yan'uwana mutanen Yola da Jimeta da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu, maganata yau a kan wata amana ce da ke kwance cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan iyayenmu, gara da danshin damina suna cinta sannu a hankali.

An soma yaƙin basasa ran 6 ga Yuli, 1967, aka ƙare shi ran 15 ga Janairu, 1970. Kafin yaƙin sojan Nijeriya ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, amma a ƙarshensa sun zarce dubu 200. A lokacin Adamawa tana cikin Jihar Arewa Maso Gabas, kuma samarinmu da yawa sun bar garma da makaranta suka ɗauki bindiga. Cikin manyan hafsoshi akwai Gibson Jalo, ɗan ƙasar Demsa, wanda barikin soja na Yola ke ɗauke da sunansa.

A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da aka kafa a 1985. Can aka ajiye motoci masu sulke, da jirgin ruwan yaƙi, da nakiyar nan da ake kira Ogbunigwe, wadda mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu. To, amma ƙarfe ba ya faɗin yadda ƙaramin soja ya kwana cikin rami. Wannan labari yana cikin takardar sallama, da lambar yabo, da hoton da ya dushe, da wasiƙar ajami da wani ya aiko wa mahaifiyarsa daga bakin daga, da takardar kuɗin Biyafara da ya sako a aljihu ya zo da ita gida.

Saurayin da ya shiga soja yana da shekara 20 a 1967, yau ya doshi tamanin, in yana raye. Ran da ya cika, lambarsa ta zama ƙarfe kawai, domin babu mai sanin inda aka samo ta.

Saboda haka ina roƙonku, duk wanda ya je gida da salla ya zauna gaban dattijon gidansu, ya nemi a buɗe akwatin. A rubuta sunansa da lambarsa da bataliyarsa da garuruwan da ya taka, a ɗauki muryarsa da hoton kowace takarda. Abin da iyali ba za su iya adanawa ba, akwai gidan tarihi na ƙasa a Yola, a je a nemi shawara.

Kuma ku tuna, maƙwabtanku na Kudu su ma suna da nasu akwatunan, cike da hotunan 'ya'yan da yunwa ta kashe. An ƙiyasta rayukan da suka salwanta sun zarce miliyan ɗaya. Yaron da ya riƙe wasiƙar kakansa, ya ji yadda aka binne abokansa a daji, da wuya ya bi mai kiran fitina a kasuwa ko a tasha.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.