Taskace Muryoyin Ƙananan Makaɗa: Aikin da ke Jiran Ƙasar Kabi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a jawo hankali ga wata dukiya da ke lalacewa a ɗakunan jama'a ba tare da an lura ba, watau tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset masu ɗauke da muryoyin makaɗan da ba su yi suna ba. Littafi yana iya shekara ɗari a cikin gafaka, a buɗe shi a karanta. Murya kuwa, in abin da aka naɗe ta a kai ya mutu, ta tafi ke nan.

Abin da Aka Yi a Wasu Ƙasashe

A Ingila, daga wajen 1978 zuwa farkon shekarun 1980, an sami ƙungiyoyin samari masu yawa da suka riƙa buga faya-fayansu da kuɗin aljihunsu, kaɗan-kaɗan, su kai wa ƙananan kantuna irin su Rough Trade na birnin Landan. Akasarinsu sun watse bayan faifai ɗaya ko biyu. Daga baya masu sha'awa suka bi kasuwannin gwanjo suna tsintar faya-fayan, suna rubuta sunan kowace ƙungiya da garinta da shekararta. Da wannan wahala tasu ce aka iya rubuta tarihin kiɗan wancan zamani.

Akwai misali mafi kusa. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na molon lantarki mai madannai a birnin Yamai, aka fitar da shi a kaset kaɗan. Jama'ar Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a rediyo da talabijin, amma kaset ɗin ya yi wuyar samu. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da shi a wata taska a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, sannan duniya ta san mutumin. Kaset guda da wani ya adana shi ne ya tsamo aikin.

Halin da Ake Ciki a Nan Gida

Manyan makaɗan Hausa sun yi sa'a. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da gidan Rediyon Rima na Sakkwato sun naɗi waƙoƙi masu yawa. Masana sun yi nazari a kan Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Mamman Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin da yawa daga cikinsu. Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi zamani a fadar Argungu kafin ya koma Yawuri, shi ma yana cikin waɗanda ba a manta ba, domin makaɗin fada yana da ubangida, kuma waƙarsa tana tafiya da sunan sarauta.

To, ina makaɗin noma da ya yi wa manoman fadamar Rima ganga? Ina makaɗan masunta da ke zuga 'yan su a Matan Fada? Ina mai kalangun 'yan dambe, da mata masu kiɗan ƙwarya da shantu a cikin gidaje? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga tarihinsa na zamani daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. Bikin ya sami gata, amma ƙananan makaɗansa da suka shuɗe, muryarsu ba ta saura ba sai a kaset ɗin da wani ɗan kallo ya naɗa da rikodarsa.

Tun da rikoda ta yaɗu a shekarun 1970, malaman makaranta da direbobi da 'yan kasuwa sun naɗi bukukuwa ba adadi. Irin waɗannan kaset-kaset suna nan a kwalaye da akwatunan ƙarfe, a unguwanni irin su Badariya a Birnin Kabi, da Argungu da ƙauyukan kewaye. Zafin bazara yana lanƙwasa su, raɓar damina tana sa zaren ya yi fumfuna ya manne, ƙurar hunturu kuma tana cin sautin. Sau da yawa in mai su ya rasu, magada sukan ɗauke su tarkace, yara su zare zaren su yi wasa da shi. Har ila yau, rikodar da za a saurare su da ita ta fara wuya, masu gyaranta kuma suna ƙarewa.

Akwai wata hasara ta biyu wadda ta fi ɓoyuwa. Wasu waƙoƙin an juye su zuwa wayar hannu, suna yawo daga wannan zuwa wancan, amma babu sunan mawaƙi, babu gari, babu shekara. Wani lokaci ma akan laƙaba wa Narambaɗa waƙar da ba tasa ba, don kawai muryar ta tsufa. Waƙar da ta rabu da tarihinta kamar baƙo ce da ya manta garinsu: ana ganinsa, amma ba ya iya ba da shaida a kan komai.

Abin da Ya Kamata a Yi

Na farko, kada a sa tsohon kaset a rikoda da gaggawa. A duba shi, a share ƙura, a juya zaren a hankali da hannu, sannan a kwafe shi zuwa kwamfuta a saurare na farko, domin wani kaset ba ya jure na biyu. A ajiye kwafi a wurare biyu daban, kuma kada a jefar da na asali.

Na biyu, a rubuta bayani tun masu sani suna da rai: wane ne mawaƙin, su wane ne 'yan amshinsa, wane kayan kiɗa ne, wa aka yi wa waƙar, a wane biki, a zamanin wane sarki ko hakimi. Tsoho ɗaya da ya halarci bikin ya fi kowace na'ura amfani a nan.

Na uku, a nemi yardar iyalan mawaƙi, a ba su kwafi, a kuma kiyaye hakkinsu in wata riba ta taso. Waƙoƙin mata na cikin gida sai da izinin masu su.

Na huɗu, aikin yana bukatar mazauni. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, da gidan rediyon jiha, kowannensu ya isa ya riƙe taskar muryoyi. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ga shi a akwatin kakansa. Ma'aikacin da ke tsara kasafin ma'aikatar al'adu kuwa ya sani kuɗin rikoda da kwamfuta da ɗaki mai sanyi bai kai na rumfar biki guda ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Mutanen da suka naɗi waɗannan kaset-kaset suna samari, yau dattawa ne, kuma su kaɗai suka san muryar wa ke ciki. Duk wanda ya tashi daga wannan zaure ya tambayi dattijon gidansu ina akwatin kaset ɗinsa yake, ya zauna da shi da alƙalami da takarda. Allah ya ba da iko.