Wa zai yi wa ɗan fari wasa?

Ni ɗan fari ne, a Tabla kakata ta raine ni. Innata ko sunana ba ta faɗi saboda kunya, amma ban taɓa rasa mai ɗaukata ba. Tun 1977 wani bincike kan jariran Hausawa a Najeriya ya nuna haka: yaro yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu na gidan.

To yau fa? Rikici ya tarwatsa iyalai a yankin Filinge da Abala. Kaka tana wani gari, uwa ita kaɗai da goyo da fargaba, jaririn ma yana ji a jikinsa. Don Allah, in kun kai musu hatsi ku zauna, ku karɓi yaron ku yi masa wasa, uwar ta ɗan huta.