Sallama Bisa Sharaɗi: Makomar Mai Taɓin Hankali Bayan Shari'a



Batun wannan lacca shi ne mutumin da ya aikata laifi alhali hankalinsa ba ya jikinsa. Sashe na 51 na dokar Final Kot, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya ɗauke masa alhakin laifin. Amma ɗauke alhaki ba shi ne saki ba. Akan tsare shi, wani lokaci a asibiti, sau da yawa kuwa a kurkuku. In ya sami sauƙi, doka ta yarda a damƙa shi hannun ɗan'uwansa, bisa sharaɗin zai kula da shi, ya hana shi cutar da kansa ko waninsa, ya kuma kawo shi duk sa'ad da hukuma ta nema.

To, me ke faruwa bayan an sallame shi? A Ingila, inda dokar 1983 ta tsara irin wannan sallama, akan haɗa majinyacin da likita da jami'in jin daɗin jama'a, kuma ana iya mayar da shi asibiti da zarar alamun ciwon sun dawo. A 2016 Farfesa Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka tattara binciken ƙasashe da dama. Suka tarar waɗanda aka sallama daga asibitocin tsaro ba su cika sake aikata laifi kamar fursunonin da aka saki ba, sai dai komawa asibiti ta yi yawa a cikinsu, haka nan mutuwa da wuri. Watau haɗarin da ke kan majinyacin ya cancanci kulawa kamar haɗarin da jama'a ke tsoro daga gare shi.

Sai a ɗauki wannan darasi a kai shi ƙasar Yawuri. A ce masunci ne daga Wara ta Ngaski, ko manomi daga Shanga. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke wannan sashe yana Kware, gaba da Sakkwato, tafiya mai nisa da tsada. Mutanen bakin tabkin Kainji kuwa, tun da aka gama madatsar ruwa a 1968 aka tashi garuruwansu, rayuwar da yawansu tana bin ruwa da kifi, yau nan gobe can. Wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa zai iya sa hannu a takarda da kyakkyawar niyya, amma in magani ya ƙare, kuɗin mota ya gagara, abin da kan biyo baya shi ne mari da turu.

Maganin wannan ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, likita na kusa da su. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta ƙarfafa kula da majinyaci cikin jama'arsa.

Saboda haka aikin ya rataya a wuyan ma'aikata: a ajiye magani a asibitin Yelwa da ƙananan asibitocin karkara, a naɗa malamin asibiti mai ziyara, a sanar da hakimi da dagaci. Ɗalibai kuwa, waɗanda gobe su ne alƙalai da likitoci, su tuna cewa sharaɗin da aka ɗora wa talaka ba tare da taimako ba, ganga ce aka ba shi aka riƙe makaɗi.