Gadon da jariri ke ɗauka tun yana ciki



Mun san yaro yana gadon kamanni da jini daga iyayensa ta ƙwayoyin gado. Haka sikila ke zuwa, shi ya sa muke ƙarfafa gwajin jini kafin aure. Amma akwai wani sashe na gado da masana ke kira efijenetik, sunan da Conrad Waddington ya sa a 1942. Ku ɗauki ƙwayoyin gado kamar littafi. Rubutun ba ya canjawa, amma jiki yana sa alamu a kan shafuka: a karanta wannan, a rufe wancan. Yawancin alamun nan ana sa su ne a makonnin farko na ciki, kuma abin da uwa ke ci da sha da shaƙa yana taɓa su.

Ga shaida biyu. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a ƙasar Holan. A 2008 aka gano cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin yunwar suna ɗauke da alamu dabam a kan ƙwayar gado mai kula da girma, bayan shekara wajen 60. An kuma ga ciwon sukari da na zuciya sun fi yawa a cikin waɗanda yunwar ta same su suna ciki. A ƙauyukan Gambiya kuwa, binciken 2014 ya nuna alamun jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun bambanta da na 'yan rani, saboda abincin uwa ya bambanta.

To, mu dawo gida. Da yawa cikinmu muna aiki ko zama kusa da masana'antun Challawa, Sharada da Bompai. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyom, kuma an daɗe ana samun ƙarafa masu guba a ruwan da ke gangarawa kogin Challawa da na Jakara, inda ake ban ruwan lambu. Gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin cikin ya shiga, domin tana kare lakar jariri, ta kuma je awo da wuri. Maigida mai aiki a kamfani ya yi wanka, ya bar kayan aiki a can, kada a wanke su tare da na yara. Mu lura da inda ruwan shanmu yake fitowa, domin tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ƙarfe. Masara ko gyaɗa da ta yi fumfuna kuma, a zubar.

Dattawa, ku sa wannan cikin shawarar da kuke ba masu shirin aure. Kada kuma a ɗora wa uwa laifi in yaro ya zo da ciwo, gama ba ita ta zaɓi ruwan unguwa ba. Ciyar da mai ciki nauyin gida ne duka, in gida ya kasa, zumunta ta taimaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.